MARIGAYI DAKTA YUSUFU BALA USMAN (1945-2005): JIKAN SARAKUNA DA YA NEMI TARIHI A BAKIN TALAKAWA

Gabatarwa

A wannan fitowa ta mujallarmu ta shekara-shekara, filin tarihin magabata ya faɗa kan wani bawan Allah wanda ba a Batsari aka haife shi ba, ba kuma a Safana ba, amma duk wanda ya ɗauki alƙalami zai rubuta tarihin ƙasar Ruma, ko na Runka da Zakka da sauran garuruwanmu da ke gefen dajin Rugu, tilas ne ya bi ta ƙofarsa. Wannan kuwa shi ne marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, malamin tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Yawancin 'yan uwanmu mazauna Kaduna da Kano da Abuja da Legas sun san shi a matsayin ɗan gwagwarmaya mai kaifin harshe, wanda ba ya shakkar gaya wa masu mulki gaskiya komai ɗacinta. To amma tun kafin sunansa ya cika jaridu, ya riga ya ɓatar da shekaru yana bin garuruwa da ƙauyukan ƙasar Katsina, yana zama gaban dattawa yana rubuta abin da suka ji daga bakin kakanninsu. Wannan ɓangare na rayuwarsa shi ya fi shafar mu, don haka shi za mu fi ba ƙarfi.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Yusufu Bala Usman a garin Musawa a shekarar 1945. Ta wajen uba jikan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne, domin mahaifinsa Durbin Katsina ɗan uwan Sarki Usman Nagogo ne. Ta wajen uwa kuma jikan Sarkin Kano Abdullahi Bayero ne. Ke nan sarauta ta kewaye shi gaba da baya, kuma da ya so, da ya yi zamansa a inuwar fada har ƙarshen rayuwarsa.

Ya fara karatun boko a Musawa, ya ci gaba a Kankiya, daga nan ya wuce Kwalejin Gwamnati ta Kaduna. Bayan ya gama sai ya tafi Ingila, inda ya karanci tarihi da kimiyyar siyasa a Jami'ar Lancaster, ya sami digirinsa na farko a 1967. Da ya dawo gida bai nemi kujerar ofis ba, duk da cewa a wancan zamani ɗan Arewa mai digiri shi ke zaɓen inda zai yi aiki. Sai ya ɗauki alli ya shiga aji a Kwalejin Barewa ta Zariya yana koyar da tarihi. Mu da muka ƙare rayuwarmu tsakanin allo da alli muna alfahari da cewa a matsayin malamin makaranta ya soma, kuma ɗabi'ar malamin aji, wato son a fahimtar da na ƙasa, ba ta taɓa barin sa ba.

Daga Barewa ya koma sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya haɗu da Farfesa Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya musulunta ya zama ɗan ƙasa, wanda kuma shi ne ya kafa cibiyar adana tarihi ta Gidan Arewa a Kaduna a 1970. Smith ya horar da ɗalibansa a kan cewa tarihin ƙasar Hausa yana nan a cikin kundayen malamai na Larabci da ajami, da wasiƙun sarakuna, da kufai, da kuma ƙwaƙwalwar dattawa, saboda haka sai an tashi an je inda suke.

Yadda ya tono tarihin Katsina

A farkon shekarun 1970 Bala Usman ya duƙufa kan binciken digirinsa na uku a kan ƙasar Katsina. Ya bi garuruwa yana hira da tsofaffi, masu sarauta da malamai da masu sana'a, har ya tsallaka iyaka zuwa Maraɗi a ƙasar Nijar, inda zuriyar sarakunan Katsina na kafin jihadi suka kafa daularsu, domin ya ji labarin daga ɓangare biyu. Ya haɗa wannan da rubuce-rubucen Larabci da takardun Turawan mulki da ke ajiye a gidan adana takardu na Kaduna. Ya kammala a 1974, sa'an nan a 1981 maɗaba'ar jami'ar ta buga aikin a matsayin littafi mai suna The Transformation of Katsina, 1400-1883, wato yadda ƙasar Katsina ta yi ta sauya kama tun daga kafuwar tsarin sarauta har zuwa rushewarsa da kafuwar masarautar bayan jihadi.

Kafin wannan aiki, abin da 'yan boko suka fi dogara da shi shi ne rubuce-rubucen jami'an mulkin mallaka, musamman H. R. Palmer, wanda ya yi aiki a Katsina, wanda kuma a hannunsa aka naɗa Sarki Dikko a 1906. A wurin irin waɗannan marubuta, tarihinmu jerin sunayen sarakuna ne da yaƙe-yaƙe, kuma duk wani ci gaba sai sun danganta shi da wata ƙabila da ta zo daga waje ta ci wata da yaƙi. Bala Usman ya bi wannan ra'ayi ya warware shi zare-zare. Ya nuna cewa abin da ya gina Katsina shi ne noma da kiwo da ƙira da saƙa da rini da fatauci da karatu, da kuma ƙaurar jama'a iri-iri da suka zauna tare har suka zama Katsinawa. Haka nan ya nuna cewa jihadin da ya kai ga faɗuwar birnin Katsina a 1807 ya fi ƙarfin a kira shi faɗan Fulani da Haɓe kurum, domin rikici ne da ya taso daga cikin al'umma a kan zalunci da adalci da yadda za a yi mulki, kuma ba a kan layin ƙabila kaɗai mutane suka rabu ba.

Bai tsaya kan Palmer ba. Ya yi wani shahararren nazari a kan Heinrich Barth, matafiyin nan Bajamushe da ya yi amfani da sunan Abdulkarim, wanda ya sauka Katsina a 1851, ya sake dawowa a 1853 a zamanin Sarki Muhammadu Bello. A tafiyarsa ta biyu, kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, Barth ya bi ta Kuraye da Kurfi ya sauka Zakka, garin da ke cikin ƙaramar hukumar Safana ta yanzu, kafin ya ratsa daji ya nufi wajen Zurmi. Masana da yawa suna ɗaukar duk abin da Barth ya rubuta tamkar yankan wuƙa. Bala Usman kuwa ya koyar da cewa a tambaya: me baƙon nan ya gani da idonsa, me aka gaya masa, wa ya gaya masa, kuma da wane tunani ya baro ƙasarsu? Da wannan ma'auni ɗaya yake auna labarin dattijon ƙauye da na bafaden sarki. Kowane labari yana da mai shi, kuma mai shi yana da abin da yake so a sani da abin da yake so a manta.

Inda tarihin ya taɓo ƙofar gidanmu

Ga mu mutanen yammacin Katsina, amfanin wannan hanya a fili yake, domin ta ɗauke ido daga birni kaɗai ta mayar da shi kan yankuna irin su Maska da Gozaki da 'Yandoto da Ruma. A nan ne mai karatu zai gane cewa garuruwanmu ba 'yan kallo ba ne a tarihin Katsina. Cikin malamai uku da suka jagoranci jihadi a wannan ƙasa, wato Malam Ummarun Dallaje da Malam Ummarun Dumyawa da Malam Muhammadu Na Alhaji, shi na ukun a Runka yake da zama, kuma daga zuriyarsa ne gidan 'Yandakan Katsina ya fito.

Bayan da sarakunan da aka kora suka kafu a Maraɗi, yankinmu ya zama bakin daga tsakanin dauloli biyu. A wajejen 1843 zuwa 1844 aka yi babban tawaye a ƙasar Ruma da goyon bayan Sarkin Katsina na Maraɗi Ɗan Mari. Sarki Siddiƙu ya murƙushe tawayen da ƙarfin gaske, garuruwa da yawa suka watse, gonaki suka koma daji, shi kansa Siddiƙun kuma aka tuɓe shi a 1844. Hare-hare daga Maraɗi da Gobir suka ci gaba shekaru da dama bayan haka, kuma a irin wannan zamani ne aka yi mayaƙa irin su Sarkin Ruma Muhammadu Ɗan Waire, wanda har gobe sunansa bai fita daga bakin tsofaffinmu ba. Saboda haka wani sashe na abin da muke kira daji a yau, kufan garuruwa ne da mutane suka taɓa zama cikinsu, da ganuwarsu da rijiyoyinsu da maƙabartunsu. Da ƙura ta lafa kuma jama'a suka dawo sannu a hankali, suka sare daji, suka sake kafa ƙauyukan da aka haife mu a cikinsu.

Fitar da tarihi daga jami'a zuwa kasuwa

Bala Usman bai yarda ilimin tarihi ya tsaya a ɗakin karatu ba. A ganinsa, mutumin da bai san yadda aka yi ya sami kansa a halin da yake ciki ba, kowa ma zai iya juya shi. Wannan ne ya fitar da shi fagen jama'a. Yana cikin kwamitin tsara kundin mulki da Janar Murtala Muhammed ya kafa a 1975, inda shi da Dakta Segun Osoba suka ƙi amincewa da rahoton masu rinjaye, suka rubuta nasu daban a 1976, suna neman a mayar da ilimi da lafiya da aikin yi haƙƙin da talaka zai iya nema a gaban kotu. Gwamnati ba ta karɓa ba, kuma sai a 2019, shekara 14 bayan rasuwarsa, aka buga rahoton ya shiga hannun jama'a sosai.

A Jamhuriya ta Biyu ya shiga jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano, ya kuma riƙe muƙamin Sakataren Gwamnatin tsohuwar Jihar Kaduna a zamanin Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa, wanda ya hau mulki a 1979 aka tsige shi a 1981. A lokacin ƙasar Katsina tana cikin Jihar Kaduna, tunda sai a watan Satumba na 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Wannan gwamnati ce ta soke haraji da jangali, kuma manyanmu manoma da makiyaya ba su manta da wannan sauƙi ba. Ga jikan sarakuna biyu ya tsaya a sahun da ke ƙalubalantar tsarin da ya haife shi, abu ne da ya jawo masa yabo a wani wuri, ya jawo masa zargi da ɓacin rai a wani wuri, har a cikin dangi da abokan tafiyar siyasa. Mutum ne mai tsauri a muhawara, kuma ba kowa ne ya yarda da duk ra'ayoyinsa na siyasa ba, amma ko abokan hamayyarsa sun shaide shi da cewa ba ya magana sai da hujja a hannu.

Ya rubuta littattafai da dama domin mai karatu na gama-gari. Akwai For the Liberation of Nigeria na 1979, da Nigeria Against the IMF na 1986, da kuma The Manipulation of Religion in Nigeria na 1987, shekarar da rikicin Kafanchan ya bazu har ya taɓa Funtuwa da Katsina. A cikin wannan na ƙarshe ya bayyana yadda wasu masu neman mulki da dukiya ke fakewa da addini su haɗa talakawa faɗa. Shi da abokan aikinsa sun fitar da mujallar The Analyst da Turanci da kuma Fitila da Hausa, don saƙon ya kai ga wanda bai yi boko mai zurfi ba. A ƙarshen shekarun 1980 gwamnatin soja ta raba shi da aikinsa na jami'a, ya kai ƙara kotu, ya yi nasara ya koma aji. Daga baya ya jagoranci kafa cibiyar bincike ta CEDDERT a Zariya, inda a shekarar 2000 shi da Dakta Alƙasum Abba suka fitar da The Misrepresentation of Nigeria, suna nuna da hujjojin tarihi cewa al'ummomin ƙasar nan sun daɗe da cuɗanya tun kafin zuwan Turawa.

Rasuwarsa

Allah ya yi wa Dakta Yusufu Bala Usman rasuwa a Zariya ranar 24 ga Satumba, 2005, yana da shekara 60 a duniya. Bayan rasuwarsa almajiransa suka tattara muhimman rubuce-rubucensa na tarihi a littafi mai suna Beyond Fairy Tales, aka kafa cibiya da sunansa a Zariya, Gwamnatin Jihar Katsina kuma ta sa wa wata kwaleji a Daura sunansa. Ya bar ɗalibai masu yawa da suka zama malaman tarihi a jami'o'in ƙasar nan. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, ya sa abin da ya koyar ya zama sadaka mai gudana.

Nauyin da ya rage a wuyanmu

'Yan uwa, ba don yabon mamaci kaɗai muka kawo wannan tarihi ba. Dattawan da Bala Usman ya zauna gabansu shekara hamsin da suka wuce, waɗanda suka ji labarin zamanin Ɗan Waire daga bakin waɗanda suka gani da ido, duk ƙasa ta rufe su. Waɗanda suka rage mana yanzu su ne suka ga zamanin En'e, da dalar gyaɗa da auduga, da zuwan makarantar boko garuruwanmu, da gwagwarmayar NEPU da NPC, da yunwar 1973. Su ma kullum raguwa suke yi.

Bugu da ƙari, masifar 'yan bindiga ta ƙara gaggauta wannan asara. Ba mu manta da manoman 'Yar Gamji da aka kashe a gonakinsu a 2019 ba, ko kuwa abin da ya auku a Tsauwa da Ɗankar a watan Fabrairu na 2020, inda aka rasa rayuka kimanin 30. A waɗannan shekaru ƙauyuka da dama sun tashi, tsofaffi sun ƙare kwanakinsu a gidajen aro a Batsari da Safana da Dutsin-Ma da Katsina, nesa da bishiyoyi da duwatsun da suke nunawa idan suna ba da labari. Idan aka ƙone gida, tare da shi ake ƙone kundin malam da takardar gona da hoton kaka. Idan ƙauye ya watse, yaron da aka haifa a gudun hijira ba zai san iyakar gonar ubansa ba, balle sunan wanda ya sari garin. Abin da ya sami ƙasar Ruma a ƙarni na 19 mun san shi ne domin wasu sun riƙe a ka, wani kuma ya zo ya rubuta. Abin da ya same mu a wannan ƙarni, idan ba mu rubuta ba, baƙo ne zai rubuta mana shi yadda ya ga dama.

Ba mu da ikon sa wa mamaci magana a baki, amma hanyar da ya bari tana gargaɗin mu da kada mu yarda da gajeren bayanin da ke cewa wannan bala'i faɗan Hausawa da Fulani ne kawai. Wanda ya bi salsalar gidajenmu zai tarar da auratayya da maƙwabtaka da amanar shanu da taki tsakanin manomi da makiyayi tun kaka da kakanni. Tambayoyin da ya kamata a bi su ne: yaushe aka cinye burtali da makiyaya, wa ya ci, yaya shari'a ta lalace, ta ina makamai suka shigo, kuma wa ke cin riba? Amsoshin suna bakin mutanen da suka gani, daga kowane ɓangare, kuma sulhun da ba a gina shi kan sanin gaskiyar abin da ya faru ba, ginin toka ne.

Saboda haka muna kira ga kowane ɗan wannan yanki da ke birni, idan ya zo gida da Salla ko biki ko ta'aziyya, ya ware yini guda ya zauna gaban dattijo ko dattijuwar gidansu. Wayar da ke aljihunsa ta fi duk kayan aikin da Bala Usman ya mallaka a 1972. Ya nemi izini, ya naɗi muryar, ya rubuta sunan mai magana da shekarunsa da wurin da aka yi hirar da ranar da aka yi ta. Ya tambayi daga ina kakanni suka taso, me ya tashe su, wa suka tarar, wace sana'a suka zo da ita, kuma daga bakin wa shi mai ba da labarin ya ji. Kada a manta da mata, domin su ne ma'ajiyar salsala da waƙoƙin daka da labarin shekarun yunwa. Kada kuma a gyara labari don a faranta wa wani gida rai. Idan ruwayoyi biyu suka saɓa, a rubuta duka biyun. Kundaye da tsofaffin takardu a ɗauki hotonsu, a bar wa masu su kayansu.

Muna kuma ba ƙungiyarmu shawara ta kafa ƙaramin kwamiti da zai riƙa karɓar waɗannan hirarraki yana adanawa a wuri fiye da ɗaya, ya nemi haɗin kan fadar Sarkin Ruma a Batsari da ta Yariman Katsina a Safana, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, da malaman tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da ke kusa da mu. An cire darasin tarihi daga makarantun firamare da ƙananan sakandare a wajejen 2009, aka yi fiye da shekara goma kafin a dawo da shi. Yanzu da ya dawo, ya kamata malamin aji a Wagini ko Runka ya sami ɗan littafi da Hausa wanda zai koya wa yaro tarihin garinsu kafin na wata ƙasa.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. 'Ya'yanmu da aka haifa a birni, waɗanda wasunsu tsoron hanya ya hana su taka garin iyayensu, ba abin da zai ɗaure su da wannan ƙasa in ba labarinta ba. Jikan sarakuna ya cire takalmi ya zauna a tabarmar talaka don ya ji tarihi. Mu kuwa tabarmar ta iyayenmu ce. Allah ya ba mu ikon sauke wannan nauyi, ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.